Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Babban Hafsan Sojin Sama Kan Matuƙan Jirgin NAF 475

Ranka ya daɗe,

Ina gaisuwa, tare da fatan alheri gare ka da hafsoshi da dakarun da Allah ya ɗora maka nauyinsu.

Ni tsohon malamin firamare ne daga wani ƙauye a ƙasar Gezawa, jihar Kano. Na ajiye alli, na koma gona. Ban taɓa sa kaki ba, ba ni da ɗa ko ƙane a rundunarka, kuma mutanen da zan yi maganarsu ban taɓa haɗa ido da su ba. Na faɗi haka tun farko don kada a zaci aiko ni aka yi, ko kuwa wani abu nake nema wa kaina. Sunaye biyu ne suka hana ni sakat shekara da shekaru, John Abolarinwa da Ebiakpo Chapele, matuƙan jirgin yaƙinku NAF 475 da ya ɓace a 2021, su ne kuma suka sa na ɗauki biro.

Bari in fara da yadda mu mutanen karkarar nan muka san ku. Da kunne muka san ku. Makarantar da na fi daɗewa a cikinta tana ƙarƙashin sararin da ƙananan jiragenku na koyon tuƙi suke shawagi idan sun taso daga Kano, waɗannan L-39 ɗin ƙirar Chekoslobakiya. Wani lokaci da hantsi, ana tsakiyar lissafi, sai ka ji sama ta tsage. Kaji su watse, jakin da aka ɗaure a gindin darbejiya ya fara fizgar igiya, yara kuwa ko ka hana su sai sun leƙa ta taga. Da na ga hanin ba ya aiki, sai na mayar da abin darasi. Nakan fita da su fili, in ce su lura: inda kunne ya ce jirgin yake, ido zai same shi can gaba. Daga nan in yi musu bayanin cewa sauti tafiya yake yi, kusan mita 340 a daƙiƙa ɗaya, haske kuwa ya fi shi sauri nesa ba kusa ba, shi ya sa ƙarar take biyo jirgin a baya kamar ɗan rakiya.

Wata rana bayan na gama wannan bayani, wani yaro ɗan aji uku, ƙafarsa fari fat da ƙura, ya ja mini hannun riga. Ya ce, "Malam, wai da mutum a ciki?" Na ce masa da mutum, wani lokacin ma mutum biyu, ɗaya gaba ɗaya baya. Ya ɗaga kai ya bi jirgin da kallo har ya zama kamar ƙuda, sannan ya ce, "To babarsa ta san yana can?" Yaran suka yi dariya. Ni ban yi ba, kuma har yau tambayar tana nan tare da ni.

Ranar Laraba 31 ga Maris 2021, saura kamar mako biyu a kama azumi, zafin bazara ya kai inda ya kai. Washegari da safe na ji a rediyo cewa wani jirgin yaƙinku samfurin Alpha Jet, mai lamba NAF 475, ya ɓace wa na'urar da ke bibiyar jirage da yammacin jiya, wajen ƙarfe biyar, a jihar Borno. Ya fita ne don ya tallafa wa sojojin ƙasa da ke fafatawa da 'yan Boko Haram. Daga baya rundunarka ta ce da alama jirgin faɗuwa ya yi, ta kuma bayyana sunayen hafsoshi biyun da ke ciki, dukkansu masu muƙamin da ya yi daidai da Kyaftin a sojin ƙasa. Na rubuta sunayen a bayan wata takardar taki da ke aljihuna, don na san idan ban rubuta ba za su kuɓuce mini. Sunan ɗaya na Yarbawa ne, na ɗayan kuwa irin na mutanen bakin ruwa ne na Neja Delta. Samari biyu daga can ƙarshen ƙasa, sun zo sun tsaya tsakanin mu da wutar da ta tashi a gidanmu na Arewa.

Ba a yi kwana uku ba sai ga wani bidiyo yana yawo daga waya zuwa waya. 'Yan Boko Haram ne suka fitar, suna cewa su suka harbo jirgin. Rundunarka ta musanta, ta ce haɗa shi aka yi. A teburin mai shayin bakin kasuwarmu na tarar da matasa sun yi cincirindo a kan waya ɗaya, kai da kai, shayinsu na hucewa. Yawancinsu ni na koya musu baƙi da wasali. Wannan ya ce ai ga wuta nan a sama, harbo shi aka yi. Wancan ya ce ƙarya ne, soja sun ce aikin kwamfuta ne. Musu ya yi zafi har ana buga tebur. Na bari suka lafa, sannan na ce, "To duk naku, wa zai gaya mini sunan ko mutum ɗaya daga cikin waɗanda ke jirgin?" Wurin ya yi tsit. Sun san sunan Shekau, sun san yadda yake dariya, sun san irin bindigar da yake ratayawa. Waɗanda suka rasa ransu a kan hana shi isowa gare mu, ba wanda ya riƙe sunansu. Ban ga laifin yaran ba. Abin da aka kawo musu har cikin tafin hannu shi suka sani.

Aka shiga azumi, aka sha ruwa, damina ta sauka, aka yi shuka, aka yi girbi, hunturu ya zo ya wuce. Sai a watan Maris na 2022 sojojin ƙasa da ke kakkaɓe dajin Sambisa suka ba da sanarwar sun ci karo da tarkacen jirgin. Kusan shekara guda cur.

Ranka ya daɗe, a kan wannan shekara guda nake son in tsaya, domin na san ɗanɗanonta tun ina yaro.

Ƙanen mahaifina, Baffa, ya shiga soja lokacin yaƙin basasa. Ina tuna ranar da ya tafi: ya ɗaga ni sama, ya sauke, ya ba ni rabin ƙuli-ƙulin da yake ci. Ya bar amarya da ba ta cika shekara a ɗaki ba. Aka gama yaƙi a Janairun 1970, sojoji suka fara dawowa, wasu da ƙafa ɗaya, wasu da rediyo a kafaɗa. Duk motar da ta tsaya a bakin hanya, kakata sai ta ce, "Ruga ka gani." In ruga, in dawo, in ce ba shi. Wani da suka tafi tare ya ce a bakin wani babban kogi suka rabu. Wani ya ce kamar ya gan shi kwance a wani asibiti. Wani kuma ya ce ya ji an ce ya yi aure a Kudu. Kowace magana kakata sai ta karɓe ta da hannu biyu, ta kwana tana juya ta.

Kullum bayan magariba, idan an kwashe tuwo, sai ta ɗauko akushinsa, baƙi ne mai tsaguwa kaɗan a baki, ta saka malmala biyu, ta zuba miya a ƙaramin kwano, ta rufe da faifai, ta tura ƙarƙashin gadonta. Da safe a ɗumama mu yara mu ci. Ba ta taɓa cewa ga dalili ba, mu ma ba mu taɓa tambaya ba. Mahaifina ya so a yi sadaka, a karɓi gaisuwa, a huta. Ta ce wa ya ga gawarsa? Wa ya yi masa wanka? Wa ya sa shi a rami? Duk wanda ya zo da niyyar ta'aziyya, da ya fara "Allah ya jiƙan…" sai ta tashi ta shige ɗaki. Matarsa kuwa, da abin ya yi tsawo, iyayenta suka kai magana gaban alƙali. A fiƙihunmu na Malikiyya matar wanda ya ɓace tana jiran shekara huɗu, sannan ta yi takaba wata huɗu da kwana goma. Ta jira, ta yi takabar mutumin da ba ta tabbatar ya mutu ba, ta fita, aka ɗaura mata aure a wani gari. Ranar da za a tafi da ita ta durƙusa gaban kakata tana kuka, kakata ta dafa kanta, ta ce Allah ya yi miki albarka, ba ki da laifi. Daren nan ma sai da ta zuba tuwon. Har ta koma ga Mahaliccinta akushin bai taɓa kwana wayam ba.

Don haka da na ji kalmar "ya ɓace" a rediyo, ban yi tunanin ƙarfe da injin ba. Gidaje biyu na gani, can inda ban taɓa zuwa ba, inda ake magana da harshen da ba na ji, da wata uwa da ke zabura duk lokacin da waya ta yi ƙara. Mutuwar da aka gani da ido tana da ranar uku da ranar bakwai, mutane su zo su tafi, zuciya ta fara neman wurin kwanciya. Ɓata ba ta da ranar uku. Kuma su waɗannan iyalai an ƙara musu da abin da kakata ba ta gani ba: bidiyon da maƙiya suka haɗa da gangan don ya ƙona zuciya, yana yawo a wayar kowa, har maƙwabtansu.

Ba su ne na farko ba. Ranar 12 ga Satumba 2014 wani Alpha Jet ya tashi daga Yola bai dawo ba, da Chimda Hedima da Abdulrasheed Braimoh a ciki, kuma duk mai bin labarai ya san irin rashin imanin da 'yan ta'adda suka nuna wa duniya bayan nan. Ranar 28 ga Satumba 2018 jirage biyu samfurin F-7Ni suka gogi juna a Abuja suna atisayen bikin samun 'yancin kai, muka rasa Bello Baba-Ari a wajen tsaunin Katampe. Farkon Janairun 2019 jirgi mai saukar ungulu ya faɗi a Damasak yana kare sojojin da aka kai wa hari, mutum biyar suka tafi. Ita kuwa 2021 shekara ce da ba na jin wani a rundunarka zai manta da ita. Ranar 21 ga Fabrairu jirgin King Air ya faɗi kusa da filin jirgin Abuja da mutum bakwai, suna hanyar Minna don taya neman ɗaliban Kagara da aka sace. Wata guda da 'yan kwanaki sai NAF 475. Ranar 21 ga Mayu kuma wani jirgin ya faɗi a Kaduna da Babban Hafsan Sojin Ƙasa, Janar Ibrahim Attahiru, da mutum goma tare da shi. Sunan Janar kowa ya riƙe, kuma ya cancanta. Amma samarin da ke zaune a gaban jirgin suna riƙe da sitiyari, in ka zagaye kasuwar Gezawa kaf ranar da take ci, ban ce za ka sami mutum uku da za su kawo sunansu ba.

Na san kuna tunawa da su ta hanyarku. Akwai maƙabartar sojoji ta ƙasa a Abuja, akwai tutar da ake lulluɓa akwati, akwai harbin bankwana. Kowace 15 ga Janairu ana Ranar Tunawa da 'Yan Mazan Jiya, a ajiye furanni, a saki fararen tantabaru, manya su yi jawabi. Ban raina ko ɗaya ba. Sai dai duk wannan a cikin shinge ake yin sa, da Turanci, gaban waɗanda dama sun sani. Mu da ke wajen shinge, abin da ke iso mana shi ne "an rasa jami'ai kaza". Adadi ba ya zama a zuciya. Na yi shekara talatin da biyar ina kiran rajista kowace safiya, na san bambancin "yara arba'in" da sunan yaro ɗaya da ka kira bai amsa ba.

Akwai kuma wata magana mai nauyi da ba zan tsallake ba, don in na tsallake ta mutanena za su ce na yi maka fadanci. Ba kowa ne a karkarar Arewa yake jin ƙarar jirginku ya ji sanyi a ransa ba. Ranar 17 ga Janairu 2017 jirgin rundunarka ya jefa bam bisa kuskure a sansanin 'yan gudun hijira na Rann, mutane masu yawa suka mutu, har da ma'aikatan agaji. Bayan Rann ma an sha jin irin wannan kuka daga wasu ƙauyuka. Waɗannan ma rayuka ne, su ma suna da uwaye. Mutumin ƙauyen da ya ji labarin Rann, kuma ba a taɓa gaya masa sunan matuƙin da ya mutu yana kare shi ba, me kake so ya ɗauki jirgin yaƙi? Ƙarfe ne kawai mai aman wuta, ba fuska, ba uwa. Shirun da ake yi a kan kuskure da shirun da ake yi a kan sadaukarwa, duk wuri ɗaya suke kai mu. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma na gani da idona a teburin mai shayi wane ne ya shigo ta tsaguwar.

Ga abin da nake roƙo, ranka ya daɗe.

Duk lokacin da jirgi ya faɗi mukan ji an ce an kafa kwamitin bincike. Idan kwamiti ya gama aikinsa, a gaya mana abin da ya gano, da harshen da muke ji. Ban ce a tona sirrin yaƙi ba. Ko manomi ya san ba kowace magana ake yi a bainar jama'a ba. Amma a ce inji ne ya samu matsala, ko yanayi ne, ko wutar abokan gaba ce, ko kuskuren ɗan Adam ne, wannan ba zai ba maƙiyi komai ba, mu kuwa zai ba mu abin da za mu rufe bakin mai jita-jita da shi. Alpha Jet jirgi ne da Faransa da Jamus suka haɗu suka ƙera, Najeriya ta fara amfani da shi tun farkon shekarun 1980, ya yi aiki da ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lafiya ta Afirka ta Yamma, a Laberiya da Saliyo kafin ya dawo ya shiga yaƙin Arewa maso Gabas. Jirgi ne da ya kwana biyu. Talaka yana da haƙƙin ya tambaya ko tsufan kayan aiki na da hannu a asarar da muke yi, kuma idan amsar ita ce a'a, ku ne kaɗai za ku iya faɗa a yarda. Ɗalibin da ke koyon tuƙi a sama da gonata yau, shi ma yana da haƙƙin a ce darasin da aka saya da ran na gabansa bai tafi a banza ba.

Sai maganar suna, wadda ita ce ainihin abin da ya sa na rubuto. Kano ba baƙuwar jirgi ba ce. Jiragen sama na farko da suka taɓa zuwa ƙasar nan sun sauka a Kano a 1925. Jiragen MiG da aka yi yaƙin basasa da su ta filin jirgin Kano suka shigo a 1967. Rukunin farko na Super Tucano guda shida da aka sayo daga Amurka, a Kano suka sauka a watan Yulin 2021, wata huɗu bayan ɓatan NAF 475. Makarantarku ta koyon jiragen yaƙi tana nan. Garin da ke da wannan tarihi ya kamata a ce yana da wuri ɗaya, a waje, inda mai Adaidaita Sahu da mai tallan rake da ɗan makaranta za su iya tsayawa su karanta sunayen matuƙan da suka tafi ba su dawo ba. Bango ɗaya ya isa. A rubuta suna, da garin mutum, da ranar da ya tafi, da boko da ajami, don dattijon da bai yi boko ba shi ma ya karanta. Kada a ware Musulmi da Kirista, kada a ware ɗan Kudu da ɗan Arewa, tunda jirgin da ya ɗauke su bai ware ba.

Kuma ku yi amfani da rediyo. A nan rediyo ita ce jaridarmu, tana rataye a ƙahon keke, tana gindin bishiya a gona, tana kan katangar mata masu surfe. Minti goma a gidajen rediyon Kano da Dutse ranar 31 ga Maris, wani hafsa mai jin Hausa ya zo ya ce: wane ɗan gari kaza ne, ga makarantar da ya yi, ga abin da yake so, ga yadda abokansa ke tsokanarsa, ga abin da ya fita yi ranar da bai dawo ba. Idan iyalansa sun yarda a ji muryarsu, a fassara. Wallahi matan ƙauyen nan za su yi kuka, kuma washegari za ka ji sunan a bakin rijiya.

Game da iyalan da aka bari, ba zan tsawaita ba, don kai ka fi ni sanin abin da doka ta tanadar musu. Abin da na sani shi ne gidanmu ba wanda ya taɓa zuwa ya zauna a tabarma ya ce wa kakata ga iyakar abin da muka sani game da ɗanki. Ba kuɗi take jira ba. Mutum take jira, wanda zai kira sunan ɗanta a gabanta kamar ya san shi. Ina roƙonka ka sa a riƙa leƙa waɗannan gidaje bayan an naɗe tuta an kashe kyamara, a shekara ta uku da ta biyar da ta goma, lokacin da kowa ya koma harkarsa, yaran da aka bari kuma suka fara tambaya.

Abu na ƙarshe ya shafe mu kai tsaye. Ranar 18 ga Yuli 2021 'yan bindiga suka harbi wani Alpha Jet a yankin Zamfara. Matuƙinsa, Abayomi Dairo, ya yi tsalle da lema, ya sauka a daji, ya ɓuya har dare, ya yi ta tafiya cikin duhu har Allah ya kuɓutar da shi, kuma jaridu sun ruwaito cewa mutanen karkara sun taimaka masa kafin ya isa hannun sojoji. Ranar na yi farin ciki kamar ɗana ne. Amma labarin ya sa ni tunani. Duk matuƙin da ya faɗo daga sama, ba a kan barikin soja zai faɗo ba. A gonar wani zai faɗo, kuma fuskar farko da zai gani ta manomi ce ko ta makiyayi ko ta yarinya mai ɗiban itace. Mu da jiragenku ke wucewa ta kanmu kusan kowane mako, idan Allah ya kawo tsautsayi, ya kamata a ce mun san abin yi. A ɗaga shi ne ko a bar shi kwance saboda ƙashin baya? A ba shi ruwa? A kusanci tarkacen ko a nisance shi saboda harsashi da man da zai iya kamawa? Wa za a kira, a wace lamba? Dagatai da masu unguwanni da limamai suna nan, kuma sun iya isar da saƙo. Zama ɗaya a fadar hakimi ya isa a fara.

Na san wasu za su ce mutanen nan ba addininmu ɗaya ba, me ya kai malami ga wannan dogon zance. Na ba su amsa a majalisa, zan maimaita a nan. Makomar kowa tana hannun Allah, ba ni da ta cewa a ciki. Amma an koya mana cewa wanda bai gode wa mutane ba bai gode wa Allah ba. 'Yan gudun hijirar Borno da Yobe sun zo har garuruwanmu, mun ga abin da suka gudo wa a idanunsu. Birnin Kano ma ya ɗanɗana, daga harin 20 ga Janairu 2012 zuwa na Babban Masallacin Juma'a na ƙofar gidan Sarki a Nuwamban 2014. Wanda ya bar garinsu ya hau sama don wannan wuta kada ta ƙara cin gaba, yana da haƙƙi a wuyana, ko da wane suna yake kiran Ubangiji. Allah ya ba iyayensu da matansu da 'yan'uwansu haƙuri, ya raya abin da suka bari.

Takardar takin nan har yanzu tana cikin Alƙur'anin da nake ajiye muhimman takarduna kusa da shi, ta yi laushi, rubutun ya fara dishewa. Na yi magana da hedimastan da ya gaje ni, ɗalibina ne, ya amince ranar 31 ga Maris mai zuwa in zo taron safe in karanta wa yara sunayen biyu, in koya musu yadda ake furta su daidai, don Abolarinwa yana ba harshen Bahaushe wahala sai an bi shi gaɓa-gaɓa. Abin da ba ni da shi shi ne hoto mai kyau da zan ɗaga musu, da kuma wanda ya san su da zai ce ga yadda suke. Idan za ka turo mana ko da ƙaramin hafsa ɗaya daga sansanin Kano, cikin kakinsa, tafiyar ba ta kai awa ɗaya ba. Ba mu da zauren taro, amma akwai inuwar darbejiya, za mu share, mu yayyafa ruwa, mu fito da benci. Yaron nan da ya ja mini hannun riga yanzu magidanci ne, 'yarsa tana aji biyu a makarantar, na kuma gaya masa ya zo.

Na gode da sauraro. Allah ya tsare waɗanda ke sama a yau, ya sauko da su lafiya.

Naka cikin girmamawa,
Wani tsohon malamin firamare,
ƙasar Gezawa, jihar Kano.